Gambiza da Tsohuwar Gidan Rediyo

In ka shiga gidan rediyon, ka wuce ɗakin karanta labarai, ka bi ta gefen firijin nan da ya daina sanyi aka mayar da shi ma'ajiyar takardu, za ka tarar da wata 'yar ƙofa wadda mai tumbi sai ya karkace yake shiga. Bayanta ɗaki ne ɗan tsukuku: fanka ɗaya, kujera ɗaya da aka ɗaure ƙafarta da waya, sai wata baƙar kwamfuta a ƙarƙashin tebur tana gurnani. Ita ake kira Tsohuwa. Duk abin da gidan ke watsawa ta cikinta yake bi, labarai, talla, waƙoƙi, gaisuwar masu saurare, har da tarin mai gabatarwa in ya manta bai kashe makirfo ba. A goshin allonta an manna wata takarda da ta yi ja don daɗewa, an rubuta da manyan baƙi: KAR A TAƁA. Mai kujerar ne ya rubuta, Baba Gambiza.

Ba uwarsa ce ta raɗa masa wannan suna ba. Tun yana saurayi mai gyaran rediyo a wata rumfa bakin titi ya samo shi. Ka kawo masa rediyo matacce, sai ya jawo gawar wani daga ƙarƙashin benci, ya ciro wannan, ya cusa wancan, ya ɗiga dalma, rediyon ya tashi yana magana da lasifikar wani kamfani da maɓallin wani. Mai kaya ya juya shi ya ce, “Kai, wannan ai gamin gambiza ne.” Shi kuma ya ce, “Yana magana ko ba ya yi?” Da wannan tambayar ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya huɗu, da ita kuma gidan rediyo ya ɗauke shi aikin kula da wayoyi, tun ana zamanin kaset.

Da zamani ya juya aka kawo kwamfuta, wasu 'yan kamfani suka zo da riguna iri ɗaya, suka dasa ta, suka sha lemo, suka kama gabansu. Gambiza ya zauna gabanta kamar wanda aka miƙa wa jinjiri aka ce ana zuwa. Bokonsa bai yi nisa ba, amma Allah ya yi masa naci, da yatsu biyu da tambaye-tambaye ya koyi yarenta.

Abin da ya gane shi ne, irin wannan kwamfuta ta manyan ma'aikatu ba a tsinto mata manhaja a titi. Kowace tana da gidan da ya haife ta, gidan kuma yana da rumbu a intanet. In kana son abu, sai ka rubuta mata sunansa, ta je rumbun gidansu ta ɗauko, ta duba hatimin da ke jiki ta tabbatar nasu ne, sannan ta saka. Masu gidan sun riga sun gwada, sun san wannan zai zauna da wancan lafiya. Akwai kuma wasu gidajen masu irin wannan tsari, kakansu ɗaya, kamanninsu ɗaya, har sunayen kayan rumbunsu ɗaya. Sai dai kowa da yadda yake dafa nasa, da ranar da yake saukewa.

To, wata rana wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone katin sauti, ɗan allon nan da ke fitar da murya daga cikin Tsohuwa zuwa iska. Manaja ya ruga kasuwa ya sayo wanda ya samu. Aka saka, Tsohuwa ta ce ita ba ta san shi ba, sai an kawo 'yar manhajar da za ta gabatar da su. Gambiza ya tambayi rumbun gida, aka ce babu. Tasha shiru tun safe, Manaja tsaye a kansa yana huci kamar an ɗora tukunya. Sai mai gyaran rediyon nan da ke kwance a cikinsa ya farka. Ya leƙa rumbun maƙwabta, ga abin nan zaune. Ya rubuta wa Tsohuwa adireshin maƙwabta ya ce ta je can.

Tsohuwa ta yi gardama, a faɗi gaskiya. Ta ce hatimin ba na gidansu ba ne. Ya ce ta daina duba hatimi. Ta ce abin da yake so ba ya zuwa shi kaɗai, yana da 'yan rakiya. Ya ce su shigo. Ka gayyaci mutum ɗaya cin abinci, ya zo da ƙannensa da surukinsa da wani da suka haɗu a mota, kowa kuma yana neman ɗaki. Wasu cikin baƙin suka tarar da masu sunansu a gidan, suka ture su suka zauna a gurbinsu. Da la'asar sauti ya dawo, Manaja ya rungume Gambiza har hularsa ta faɗi.

Ƙofar da aka buɗe ba ta sake rufuwa ba. Duk abin da ya nema bai samu a gida ba, sai ya miƙa hannu maƙwabta. Ranar da ya ce bari ya sabunta ta kuwa, kamar yadda ake yi wa kowace kwamfuta don toshe kafofin ɓarayi, nan aka yi ta. Rabi ya zo daga nan, rabi daga can, kayan sauti na gida suka taso za su kori baƙi, Tsohuwa ta sanƙare a tsakiya. Wuni guda ya yi yana lallashi kafin ta dawo. Ran nan ya rubuta mata wani layi a cikin tsarinta, ya ce duk wani abu mai alaƙa da sauti daga rumbun gida, babu ruwanta da shi. Ran nan kuma ya manna takardar nan. Tun daga lokacin ba a sake sabunta ta ba.

Amma ciwon ya bar mata tabo. Tashar ba ta kwana a kunne, da dare ake rufewa a kashe janareta, kuma kowace safiya Tsohuwa da rabin jiki take farkawa. Mutanen gida su tashi, baƙi su tashi, kowa yana jiran ɗaya ya fara gaisuwa, sauti ya maƙale a tsakani. Sai Gambiza ya zo ya sasanta su. Ya tsayar da wannan, ya jira wata 'yar fitila ta ƙifta, ya tayar da wancan. Wata safiyar haka, wata safiyar sai an bi ta baya. Yadda yake bambance su shi kansa bai iya faɗa ba, yakan ce kukan fankar cikinta ne ke gaya masa.

Murya, mai karanta labaran safe, wani dogo da ba ya rabuwa da kofin shayi, yakan leƙo ta 'yar ƙofar.

“Baba, amarya ta tashi?”

“Tana miƙa. Je ka share maƙogwaro, jiya kamar ana jan buhu a siminti.”

“Ni dai ranar da ta cika, kar a ce ban zo gaisuwa ba.”

“Kai za ta binne.”

Gambiza yana son wannan ɗan lokacin fiye da komai a aikinsa. Gari guda ya kunna rediyo yana jira, Manaja yana kallon agogo, Murya ya riƙe takarda ya buɗe baki, kuma duk ba mai cewa uffan sai ya ɗaga yatsa.

Abin da hakan ya ci masa, matarsa ta fi kowa sani. Ba ya kwana a wani gari. Biki, rasuwa, dubiya, in wurin ba a zuwa a dawo ran nan, sai dai ita ta je ta ba da haƙuri, har dangi suka daina tambaya. To sai ga Auta, 'yarsu ta ƙarshe, aure ya kai ta wani gari mai nisa, irin wanda mota ke kwana a hanya. Ta haihu, uwar ta je ta dawo. Yarinya ta zauna, ta yi rarrafe, ta miƙe, ta fara haɗa kalmomi, duk Gambiza a allon waya yake gani. Yakan kawo fuska kusa ya kaɗa harshe, ƙwal ƙwal, ita kuma ta ɓangale baki.

Wata yamma Auta ta kira tana dariya.

“Baba, ka san in aka ce mata ina Kaka, me take yi? Sai ta ruga ta ɗauko wayata. Jiya har ruwa ta kawo maka, da ƙyar na ƙwace ka kafin ta tsoma ka a kofi.”

Gambiza ya yi dariya har da buga cinya. Matarsa ba ta yi ba. Ana kashe waya ta shiga ɗaki, ta jawo jakar tafiya, ta ajiye bakin ƙofa inda sai ya tsallake ta zai fita.

“Malam, ƙarshen wata zan tafi. Ga jaka nan, na bar maka rabinta. In ka zuba kaya, to. In ba ka zuba ba, in cika ta da nawa. Amma ba zan sake ba Auta haƙuri a madadinka ba, bakina ya gaji.”

“Ai kin san yadda aikin yake.”

“Na sani. Mutane suna da jikoki, kai kana da fanka mai kuka.”

Kar a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya sami Manaja, Manaja ya ce, “Baba, wa ya riƙe ka? Ka koya wa wani, ka tafi ko wata guda ne.” Ya zaunar da Murya ya nuna masa, Murya ya ce ai wannan ko yaro ya iya. Washegari Murya ya danna, tasha ta buɗe da tallar maganin sauro, ta gama ta sake, ta gama ta sake, har wata mata ta bugo waya ta ce sun ji, za su saya, a yi musu labarai. Sai da Gambiza ya ture shi daga kujerar.

Ya kuma yi abin da yake yi duk sa'ad da maganar tafiya ta taso, ya tambayi rumbun gida ko sun samar da manhajar katin nan. Ya sani sarai, ranar da suka samar, ranar zai iya sallamar baƙi, Tsohuwa ta riƙa tashi da kanta. Ya rubuta sunan, ya danna. Ta ce babu. Shekara da shekaru amsar ke nan. Kuma duk sa'ad da ya ga babun nan, akwai wani ɗan sanyi da ke ratsa ƙirjinsa, wanda bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa na mene ne ba.

Ana cikin haka Manaja ya ɗauko Injiniya, don yana so a riƙa jin tashar a intanet kamar yadda ya ji wasu sun yi. Mace ce mai 'ya'ya biyu, ba ta da yawan magana, kullum tabarau a goshi tana nemansa a jaka. Ta tsaya bakin 'yar ƙofar ta yi sallama.

“Baba, ina kwana. An ce sai na nemi izininka kafin in gaishe ta.”

Wannan ya yi masa daɗi. Ya tashi ya ba ta kujerar da ko Manaja bai taɓa zama a kai ba, ya tsaya bayanta da hannu a baya. Ta rubuta wani abu, sunayen kayan cikin Tsohuwa suka fara zubowa. Ta lalubo tabaran ta saka.

“Baba, yaushe rabon da a sabunta ta?”

“Lafiyarta ƙalau.”

“Ban ce ba ta da lafiya ba.”

“To... ina jin tun kina makaranta.”

Ta ci gaba da bin sunayen da yatsa. “Wannan na gida. Wannan na maƙwabta. Wannan na gida, amma ya jingina da na maƙwabta. Wannan kuma... Baba, gida na uku ne wannan?”

“Sau ɗaya ne kawai. Suna da wani abu mai kyau.”

“Ai wannan ba kwamfuta ba ce, tashar mota ce.”

“Tana magana ko ba ta yi?”

“Tana yi. In kana nan.”

Tunda yake jefa wa mutane tambayar nan, ba a taɓa dawo masa da ita da ƙari ba.

Ba da raini ta yi masa bayani ba. Ta ce ba za ta iya buɗe wa Tsohuwa ƙofar intanet a haka ba, kafofinta duk a buɗe, kuma tunda an hana ta duba hatimi, duk ɓarawon da ya ƙwanƙwasa shigo za ta ce masa. Ranar da ta faɗi kuwa babu mai ɗagawa. Mutanen gida za su ce ba su san waɗannan baƙin ba, maƙwabta su ce ai ba gidansu ba ne.

“'Yata, ni ma ba son raina ba ne,” in ji Gambiza. Ya ba ta labarin katin, ya miƙa hannu ta kafaɗarta ya rubuta sunan manhajar, ya danna. “Kin gani? Babu. Kullum haka.”

Ta yamutsa fuska. “Abin mamaki. Katin nan ai ba ɓoyayye ba ne.” Ta buɗe inda ake rubuta wa kwamfutar dokokinta, ta bi layi layi, ta tsaya. “Baba, wa ya rubuta wannan?”

Ya sunkuya ya duba. Ya gane shi kamar yadda mutum ke gane tsohon takalminsa.

“Ni ne. Ranar da ta kusa mutuwa. Na hana kayan sauti na gida su shigo su ta da rigima.”

“Ba shigowa kaɗai ka hana su ba. Ce mata ka yi ko sunansu kar ta ambata. In ka tambaye ta, rufe ido take yi ta ce babu, don haka ka umarce ta.” Ta sa wata 'yar alama a farkon layin, wadda ke sa kwamfuta ta tsallake shi, ta tura masa allon rubutun. “Sake tambaya.”

Ya rubuta da yatsunsa biyu, ya danna. Ga shi nan. Sunansa, hatimin gida, da ranar da aka saka shi a rumbun. Ya kalli shekarar ya daɗe. A shekarar nan Auta ko saurayi ba ta yi ba, yana ɗaukarta a babur ya kai ta makaranta.

Dariya ya fara yi. “Kai! Tsohuwa, ashe ke munafuka ce.”

“Ba munafuka ba ce, Baba. Biyayya ta yi.”

Ya ce bari ya sha iska. Ya fita ya tsaya gaban firijin takardu, ya buɗe shi, ya rufe, bai san me yake nema ba. Abin da ya faɗo masa a rai jana'izar wansa ce, wadda ya aika matarsa da haƙuri, ya zo nan ya zauna yana sauraren fanka.

Da yamma Manaja ya tare shi a bakin ƙofar fita. “Baba, ta ce wai a rushe a sake gini daga tushe, da kayan gida ɗaya. Ni tsoron shiru a iska nake yi. Kai ka san ta. In ka ce a'a, a'a ne.”

Gambiza ya ce a bar shi ya kwana da maganar. Yana tafe a babur yana jin yadda a'ar take da sauƙi a baki. Ba ƙarya zai yi ba ma, ai da gaske akwai haɗari. In ya ce a'a, sai Injiniya ta nemi wata kwamfutar ta yi intanet ɗinta, Tsohuwa ta ci gaba da jiransa, gari ya ci gaba da jiran yatsansa.

Ya tsallake jakar ya shiga gida. Matarsa tana zaune tana ninke wanki. Ya ba ta labarin duka, har da shekarar, yana ƙoƙarin mayar da shi abin dariya. Ta bar shi ya gama.

“Da ba ta gano ba, da ka fi jin daɗi ko?”

“Wace irin magana ce wannan?”

“Malam, ni ban san kwamfuta ba. Amma na san fuskarka in ka dawo ka ce min babu. Ba fuskar wanda aka hana wa abu ba ce.” Ta ninke wata riga, ta shafe ta da tafin hannu. Da ta sake magana, muryarta ta sauka. “Ba laifi ba ne mutum ya so a riƙa jiransa. Ni ma ina so. Amma akwai mai jiranka can, ita ba ta ma san kana da ƙafafu ba.”

Ya ɗauki rigar da ta ninke, tasa ce, ya riƙe a cinya har aka kira shi cin abinci.

Da safe, bayan ya tashi Tsohuwa, ya leƙa ofishin Manaja ya ce, “Ranka ya daɗe, a gina.”

Suka yi aikin tare, da rana, bayan an gama shirye-shiryen hantsi. Aka kawo sabon faifan ajiya, aka ciro tsohon, Gambiza ya naɗe shi a safa mai tsabta ya sa a aljihun tebur, wai ko da wani abu. Injiniya ta zuba komai daga rumbun gida kaɗai, shi kuma yana nuna mata wayar da ke sa ƙugi in ta taɓa ƙarfen tebur, da wadda ba a lanƙwasawa. Can sai suka ci karo da abu ɗaya da da gaske babu a gida, 'yar manhajar da ke buɗe tsofaffin shirye-shiryen da aka naɗa tun zamanin kaset. Gambiza ya miƙe tsaye, fuska ta washe.

“Yauwa! Kin gani? Sai maƙwabta.”

“Aro ba laifi ba ne, Baba. Za mu ara. Amma shi kaɗai, da sunansa, ta taga, kuma sai an duba hatimi. In ya ce zai zo da 'yan rakiya da za su ture na gida, ya koma inda ya fito, mu nema masa ɗakinsa daban. Kai katangar ka rushe gaba ɗaya.”

“Gaggawa ce, 'yata. Manaja yana kaina.”

“Na sani. Da ni ce ran nan, wataƙila abin da zan yi ke nan. Washegari ne ya kamata a gyara katangar.”

Da suka gama ta kafa masa sharaɗi. Gobe da safe kar ya zo.

“In kana nan ba za mu san wa ya tashe ta ba. Kuma na ga hannunka, ba ya zama a aljihu.”

Washegari jikinsa ya tashe shi a lokacin da ya saba. Ya yi wanka, ya sa riga, har ya zura takalmi ɗaya kafin ya tuna. Ya cire. Ya jawo wani tsohon rediyo cikin irin haɗinsa na da, mai maɓallin murfin kwalba, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya kunna. Shuuu kawai kake ji. Ya ɗora waya a gwiwa, fuskarta sama. Rabinsa yana roƙon Allah ta tashi. Ɗaya rabin ya yi shiru, kuma yau ya san abin da shirun nan yake roƙo. Ya ga Injiniya a ransa tana gumi, Manaja yana cewa a kira Baba, shi kuma ya shiga a hankali ba tare da ya ce ai na faɗa ba. Kunya ta kama shi, ya kifa wayar.

Shuuun ya yanke. Kiɗan buɗe tasha ya fito, tas, ko ƙugin nan babu. Sai ga Murya yana gaida masu saurare, ya ƙara da gaisuwa ta musamman ga wani dattijo da aka ba hutun dole, da fatan yau zai karya kumallo a zaune kamar sauran bayin Allah.

“Ɗan banza,” in ji Gambiza.

Matarsa ta ajiye masa shayi, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon rediyon.

“Tana magana ko ba ta yi?”

Ya ɗago ya dube ta. “Tana yi.”

Ya shanye shayin, ya shiga ɗaki, ta jiyo ƙarar zif ɗin jaka.

A mota, duk garin da suka wuce sai ya zaro waya ya duba. Matarsa tana gani ta yi kamar barci take. Ba wanda ya kira. Da suka yi nisa har rediyon direba ya daina kama tasharsu, bai san ko daɗi ya ji ko akasinsa ba, ya jingina da taga ya yi barcin da ya daɗe bai yi da rana ba.

Auta ta tarbe su a ƙofa, ta riƙe hannunsa biyu tana dariya tana share ido. Bayan zanenta wata 'yar mitsitsiya ta leƙo, da takalmi ƙafa ɗaya.

“Zo mana! Ga Kaka ya zo. Ina Kaka?”

Yarinyar ta kalli baƙon nan mai gemu da ƙurar hanya, daga hula har ƙasa. Sai ta juya ta ruga cikin ɗaki, ta dawo da wayar uwarta rungume a ƙirji, ta miƙa masa, wai ya gaisa da Kaka. Kowa ya fashe da dariya. Gambiza ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya karɓi wayar ya ajiye a ƙasa. Ya kawo fuskarsa kusa da tata, daidai yadda yake yi wa allo, ya kaɗa harshe, ƙwal ƙwal.

Ta yi tsai. Ta kalli wayar a ƙasa, baƙi ƙirin. Ta kalle shi. Ta miƙa hannu a hankali ta kama gemun, ta ja, da ƙarfin da bai yi zato ba. Da ta ga ya ce wash, sai ta sake shi ta sake rugawa ciki.

“Shi ke nan, ka tsorata ta,” in ji matarsa.

A aljihunsa tasa wayar ta fara rawa. Hannunsa ya tafi da kansa, ya kai bakin aljihun. Sai ga yarinyar ta fito tana takawa a hankali, harshe waje, riƙe da kofin roba da hannu biyu, rabin ruwan ya riga ya zube a rigarta. Ya janye hannun ya tara mata duka biyun. Akwai wani ɗan ɓawon lemo yana yawo a ciki. Ya shanye tas, tana tsaye tana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.